Layi Biyu

Ƙofa, 11 ga Yuli

Zuwa ga maigidana, Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya ɗalibanka, ya mutanen Doguwa? Mu nan ruwa ya zauna, gyaɗar Baba har ta rufe ƙasa. Baba da Inna suna gaishe ka.

Ka san da waya a hannuna ba zan zauna rubutu haka kawai ba. Sau uku ina fara yi maka bayani, sai ka ce sabis ya ɗauke, ko an kaɗa ƙararrawa za ka shiga aji. To, takarda ba ruwanta da sabis, kuma ba a katse ta.

Tagwayen da aka ce mana a wurin awo, har kana kiran abokanka kana cewa Hassan da Husaini na tafe, abin ba haka yake ba. A babban asibiti na Kano, Likita Zahra'u ta juyo mini da allon na'urar, na gani da idona. Gefe guda ga ɗa nan cikakke, kai da ƙafafu, zuciya na bugawa. Ɗaya gefen babu ɗa ko kaɗan. Ta ce tun farkon shigar cikin halittar ba ta yiwu ba, sai mabiyiyar ta yi ta tohowa ita kaɗai, ta zama ƙananan ƙuraje masu ruwa a cure wuri guda. Shi ke kawo mini zubar jinin nan, da aman da ya ƙi tsayawa har wata biyar.

Da likitar ta ga Yaya Luba ba ta gane ba, sai ta ce mata abin ya yi kama da ƙwan kwaɗo a kududdufi. Misali ta yi, Malam, misali! Amma kafin yayar taka ta sauka a mota a Kiru, labari ya zama wai kwaɗi nake ɗauke da su. Wai ranar da ka kai ni ganin ruwan Tiga na tsoma ƙafa, mutanen ruwa suka shafe ni. Yanzu mata na sallama a gidanmu da sunan dubiya, bakinsu na yi mini sannu, idonsu na kan cikina. Jiya wata har da kawo mini turaren hayaƙi. Da kai ka zo, da wannan maganar ba ta fita ba. Sai ka turo wadda ba a taɓa gaya mata abu ya kwana a bakinta ba.

Likitar ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce ko a wanke cikin gaba ɗaya yanzu, mai ran ya tafi tare da marar ran, ko a bar shi a yi ta sa ido. In an bari, jini zai iya ɓalle mini, hawan jini zai iya kayar da ni, kuma duk da haka ba tabbas ɗan zai kai. Na kira ka, ka ce duk abin da muka ga ya dace. Mu wa? Ni da Yaya Luba muka yi cikin?

To na ga abin da ya dace. Ina jin motsinsa, har yanzu da nake wannan rubutu yana shurina. Ba zan sa hannu a cire shi ba. Baba ya ce Allah ya raba lafiya. Zan zauna nan gida saboda ya fi kusa da Kano, kuma likita ta ce a raba shimfiɗa har sai bayan haihuwa.

Akwai ƙaramin ambulan a cikin wannan. Likitar ce ta rubuta maka da hannunta, da Hausa, tunda ba ta gan ka ba. Ta ce ya shafi bayan haihuwa, kuma ya fi duk abin da ta faɗa muhimmanci. Don Allah ka karanta. Ka karanta jarrabawar yara sittin ba ka gaji ba, wannan shafi ɗaya ne.

Ka gaida abokan aiki. Ina fushi da kai, amma ina kewarka, kuma duka biyun gaskiya ne.

Taka,
Zulaihat

Ƙofa, 29 ga Oktoba

Zuwa ga maigidana, Baban Bushira,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka isa lafiya, hanyar Falgore ba ta wahalar da kai ba. Ya gajiyar suna? Mutuniyar taka tana lafiya. Kwana ashirin da huɗu yau. Tana kama nono kamar mai rama bashin yunwa, kuma kumatu sun fara fitowa, ba kamar ranar da aka ciro ta aka sa a kwalba ba, tana kamar ɗan tsako. Inna na yi mini faɗa wai ina kallonta a gaban mutane ba kunya, 'yar fari ce. Na ce wadda aka yanka ni saboda ita, aka ƙara mini jini leda huɗu, ai sai dai a yi haƙuri da ni.

Na gode da ragon, na gode da atamfa. Yanzu sai ka saurara.

Kwana ɗaya ka yi. Ka zo da hantsi, ka sha shayi da abokanka a ƙofar gida, ka leƙo ɗaki ka ce sannu, washegari ka kama hanya. A cikin kwana ɗayan nan kuma ka yanke hukuncin da ba ka tambaye ni ba. Aka ce maka duk mako sai na je Kano an ɗebi jinina. Yaya Luba ta ce a ina aka taɓa ganin mai jego tana yawon mota kafin arba'in, ga ɗinki a ciki, iska za ta shige ta. Inna ma ta bi bayanta, ba zan ɓoye laifin tawa uwar ba. Kai kuma ka ce a bari sai an yi arba'in. Na yi magana daga cikin ɗaki, ka ce ai an riga an kwashe abin, me ya rage?

Abin da ya rage shi ne abin da ke cikin ambulan ɗin nan. Da na tambaye ka ko ka karanta, ka ce e, kana ɗaure igiyar takalmi, ba ka ko ɗago ba. In ka karanta, yaya za ka ce me ya rage? Likita ta ce ko an kwashe tas, wani ɗan ɓurɓushi kan maƙale ya ci gaba da tsiro, kuma ba a gane shi sai a jini. In an kama shi da wuri, magani na kashe shi. In an yi sakaci, yakan bazu.

Na roƙi Baba ya kai ni. Ya ce shi ba zai fitar da matar wani daga gida ba bayan mijinta ya ce a dakata. Ka san Baba, shekara talatin yana karantar da mutane haƙƙin miji, ba a kaina zai fara warwarewa ba. Don haka makonni biyu sun wuce ban je ba. Ana ta ɗura mini kunun kanwa, ana gasa ni da ruwan zafi safe da yamma, kowa na cewa na yi kyau. Jinin kuwa yana ɗaukewa ya dawo.

Kalma ɗaya nake nema a wurinka. Ka kira Baba ka ce a kai ta. Ko tasha ba sai ka je ba.

Bushira ta farka, bari in tsaya nan. Tana da irin goshinka, har da yadda kake tamke shi in ba ka son magana.

Matarka,
Zulaihat

Ƙofa, 5 ga Disamba

Lurwanu,

Assalamu alaikum, don sallama haƙƙin kowane Musulmi ce. Ina fatan kana lafiya, don ina so wannan takarda ta same ka da ƙarfin karanta ta har ƙarshe.

Tun da aka ɗaura mana aure bakina bai taɓa kiran sunanka ba. Yau na rubuta shi.

Ina 'yata?

Bari in tuna maka yadda aka yi, tunda ranar ba ka shigo ka ji daga bakina ba. An yi arba'in, na ce to a kai ni. Ka ce in bari a yi hutun makaranta ka kai ni da kanka. Makon jiya jiri ya fara ɗibata, amai ya dawo. Yaya Luba ta zo ganin jaririya, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce in taso mu je kemis a ba ni maganin shawara. Ashe da nufinta. Mai kemis ya ba ni 'yar roba ya ce in kawo fitsari, ya tsoma tsinken gwaji. Layi biyu. Ya washe baki yana yi mana barka.

A nan tsaye na gaya musu. Na ce abin da ake aunawa a gwajin ciki, shi wannan ragowar ke zubawa a jini, shi ya sa aka ce in riƙa zuwa ana dubawa. Na ce ba ciki ba ne, ciwon ne bai mutu ba. Mai kemis ya ce shi shekara goma yana wannan aiki, tsinkensa bai taɓa ƙarya ba. Yaya Luba ta riƙe haɓa ta ce lallai boko ya yi rana, har an tanadi amsa tun kafin a yi tambaya.

Da a ce kwanika kawai suka ce na yi, ciki a kan goyo, da na sha kunyar na haɗiye. Amma kai ka san rabonka da ni tun watan Yuli, kuma ka tabbatar kowa ya sani. Kai da ba ka samu zuwa asibiti ba, kai da jiran hutun makaranta ya hana ka kai ni gwaji, ranar nan ka samu mota. Kafin la'asar ka iso. Ka tsaya a zauren Baba, a gaban maƙwabtan da suka fito daga masallaci, ka ce a shiga a tambaye ni na waye. Ina bayan ƙyaure, na ji da kunnena. Baba mai shekara saba'in, ka sa ya rasa inda zai sa idonsa.

Na waye! A ɗakin Inna nake kwana, ɗinki bai gama warkewa ba, ko bakin rijiya ba na zuwa. Da wa? Da tukunyar ruwan wanka?

Sannan ka bar yayarka ta shigo ta ɗauke yarinyar daga cinyata, tana cikin sha. Wai nonon mai ciki dafi ne, zai sa ta zawo ta lalace. Sai da ta sa yatsa ta ɓamɓare bakinta. Na bi su har ƙofar gida ba mayafi, kana zaune gaban mota, ka kau da kai. Yarinyar da aka haifa wata bai cika ba, yau kwana biyu tana Kiru, ban san me ake ɗura mata ba. An ce madarar shanu da ruwan koko. Ƙirjina ya yi tauri kamar dutse, rigata ba ta bushewa. Ina tatsewa a kofi ina zubarwa a gindin lalle, don kada ya ƙafe kafin ta dawo.

Allah ya isa tsakanina da mai kemis, da yayarka. Kai kuwa ban ce ba tukuna. Ina riƙe da ita a baki.

Yau da safe Baba ya sa babbar rigarsa ya ce in shirya gobe za mu Kano. Na ce izinin fa? Ya ce wanda ya tsaya a zaurensa ya faɗi abin da ya faɗa ya ajiye izininsa a nan ƙasa, shi kuma ya ɗauka.

Ba na roƙon ka yarda da ni. Ka buɗe ambulan ɗin Likita Zahra'u, in ba ka naɗe ƙosai da shi ba. Kuma ka dawo mini da 'yata.

Zulaihat Badamasi

Asibiti, Kano, 20 ga Disamba

Zuwa ga Baban Bushira,

Wa alaikumus salam. Inna ta kawo mini takardarka, shafi huɗu, na karanta duka. Ta ce tun jiya kana zaune a gindin bishiyar da ke bakin ɗakin mata, ko abinci ba ka ci ba. Ina fatan sauro bai yi maka yawa ba. Ka ci abinci, zaman yunwarka ba ya ƙara mini komai.

Ka ce in bari ka shigo mu yi magana. Ba yanzu ba. In na gan ka zan yi ihu, kuma akwai marasa lafiya a gadajen kusa da ni.

Ka ce shekaranjiya kana haɗa kayan hutu ka ga ambulan ɗin a cikin rajistar ajinka ta zangon da ya wuce, a liƙe yadda na aiko shi. Wata biyar. Ka ce da ka kai layin da likita ta rubuta cewa gwaji zai iya nuna ciki bayan haihuwa alhali babu ciki, kuma kada kowa ya zargi matarka, sai ka bar kayan a nan ka kama hanyar Kiru. Na yarda. Har ta ja layi a ƙarƙashinsa, a gabana ta ja. Matar da ba ta taɓa ganinka ba ta san abin da za ka yi, ta yi ƙoƙarin tare ka tun daga Yuli. Takardata ta ranar biyar ga wata ma ka ce ba ka buɗe ba, don zuciya. To ka ji abin da zuciyar taka ta saya.

Da muka zo aka ɗebi jini, bayan mako aka sake, aka ga abin hawa yake yi. An yi hoton ciki da na ƙirji. Alhamdu lillahi bai kai huhu ba, yana nan cikin mahaifa. Likita ta ce irin wannan yana jin magani sosai, kusan duk wadda aka kama a wannan mataki tana warkewa, har ta sake haihuwa in an ba da tazarar da suka ce. Ta yi faɗa a kan makonnin da aka ɓata, faɗan da Baba ya sunkuyar da kai yana ba da haƙuri kamar ɗalibi. Ba mutuwa zan yi ba, in Allah ya so, don haka ka daina rubuta mini maganar kabari.

Amma allurar da za a yi ta yi mini, wata da watanni, tana bi ta cikin nono. Daga ranar da aka fara, ba shayarwa. Kafin a gama kuwa ya ƙafe.

Ranar Alhamis ta gaya mini haka. Ta ce za a fara ranar Talata, kafin nan in shayar da 'yata iya son raina. Kwana biyar ta ba ni. Baba ya kira ka, ba ka ɗauka ba. Inna ta shiga mota da kanta ta je Kiru, da tsufanta, Yaya Luba ta tsaya a bakin ƙofa ta ce sai abin da ƙaninta ya ce. Na yi ta tatsa ina zubarwa a bahon asibiti, ina kallon ƙofa. Ranar Talata na roƙi ma'aikaciyar jinya ta bar ni a ƙarshen layi, ta bar ni. Ƙarfe goma sha ɗaya ta ce ba za ta iya ƙara jira ba.

Ƙarfe uku ka iso da ita.

Awa huɗu, Malam. Kai malamin lissafi ne, ka ajiye wannan.

Inna ta shigo da ita ta ɗora mini. Ta rame, wuyanta duk ya yi tsawo, ga ƙurji a bakinta. Kwana goma sha shida amma ba ta manta ba. Tana jin ƙamshina ta fara juya kai tana buɗe baki, tana cusa fuska a rigata. Ga nono har yana zuba. Ni da na tsaya a gaban likitoci na ce ba za a cire ta ba, ni da aka yanka saboda ita, ni ce na sa hannu na kau da bakinta. Yayarka ta ce nonona dafi ne lokacin da lafiyarsa ƙalau. Yanzu ya zama dafin da gaske, kuma ku kuka cinye kwanakin da suka rage mana.

Ka tambaya ko zan yafe. Ban sani ba. Allah ya isan da na ce ina riƙe da ita, har yanzu ban faɗa ba, ban kuma haɗiye ba. Ga abin da na sani.

Bushira ba za ta sake kwana a Kiru ba. Tana wurin Inna, kusa da ni.

Ranar Juma'a, in an sauko daga masallaci, ka je zauren Baba. Ka tsaya daidai inda ka tsaya, ka bari maƙwabta su taru kamar yadda suka taru. Ka zo da Yaya Luba ta tsaya daga soro inda za ta ji. Ka buɗe takardar likita ka karanta ta da ƙarfi, tun daga sallama har sa hannu, da irin muryar da ka tambayi na waye. In ka zo layin da aka ja wa layi, ka maimaita.

Kafin Juma'a kuma akwai aiki. Inna ba ta iya karanta rubutun jikin gwangwanin madara ba, idonta ma ba ya ganin layukan jikin fidar. Ma'aikaciyar jinya za ta nuna yadda ake dafa ta da yadda ake aunawa yau bayan azahar. Ka tashi daga gindin bishiyar nan ka je ka koya. Ka karanta abin da aka rubuta a jiki, duka, kada ka ce ka karanta.

In ka haɗa, kai za ka ba ta. A hannuna ba ta karɓa, tana jin ƙamshin ɗayan sai ta ƙi. Ka zauna da ita a baranda daga gefen hagu, wajen taga ta biyu. Daga gadona ina iya hango wurin.

Uwar Bushira,
Zulaihat